Shekarar Ɓawon Albasa

Na daɗe ina jin abin da ake faɗa a gidanmu na Bawku, kuma na daɗe ina haɗiyewa. Ana cewa Rahinatu ce ta nakasa hannuwan ubanta da maganin makaranta, ni kuma Goggo Adisa na ƙarasa shi da baki. Ranar sunan jikan Fuseini ƙanen Rahinatu ma, ina zaune a kan tabarma, wata yarinya da ko haihuwarta ba a yi ba lokacin da abin ya faru ta kwashe zancen nan kaf ta faɗa wa ƙawarta, ba ta san ni ce tsohuwar da ke bayanta ba. Ban tanka mata ba, don abin da aka zuba mata a kunne shi ta maimaita. Amma mu huɗu ne muka san yadda aka yi. Biyu suna ƙasa, ɗaya ta ce har ta mutu ba za ta ƙara tayar da maganar ba, saura ni, kuma nima gwiwoyina sun fara yi mini gardama. To ku 'ya'yan Yaya Mamudu da jikokinsa, ku ji daga bakin wadda ta tsaya a bakin ƙofar. Ba gafara na zo nema ba, don abin da na yi, ko yau aka mayar da ni zan sake yi.

Mu mutanen Salaga ne. Kakanninmu fataken goro ne da suka sauke kaya a garin suka ƙi tashi, kuma ko da goron ya bar hannunmu, abu biyu Inna, mahaifiyarmu, ba ta yarda sun bar gidan ba: Hausar da ba ta ce wa mace "shi", da kunya. Kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce irin ta yanzu da za ka ga uba ya ɗora ɗan farinsa a wuya yana ɗaukar hoto. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa magana kai tsaye, ba a yabonsa, in ma wani ya yabe shi a gabanka tashi kake yi ka bar wurin. Yaya Mamudu a cikin wannan ya tashi, ya tafi da ita Bawku inda ya kama sana'ar albasa, ya auri Memunatu 'yar garin, Allah ya ba su Rahinatu. Ana yaye ta aka kawo wa Inna a Salaga. Da Inna ta rasu sai na ɗauko ta zuwa gidan aurena a Yendi, ni da Allah ya ba ni maza bai ba ni mace ba. Tun daga ranar sunanta a bakin ubanta ya zama 'yar Yendi.

Kada wani cikinku ya ce bai so ta ba. Duk kaka sai buhun jar albasa ya sauka a ƙofar gidana, zaɓaɓɓiya, wai a ba yaran gida, alhali kowa ya san yaran gida nawa yake nufi. Ranar da na gaya masa ta samu shiga jami'a a Kumasi, cewa ya yi "To," sannan ya tambaye ni ko an yi ruwa a Yendi. Daga baya Memunatu ta ce mini a makon ya yanka rago ya rabar, aka tambaye shi sadakar mece ce ya ce ta matafiya. Haka son nasa yake, sai ya biyo ta ƙofar baya kafin ya iso.

Ciwon ya fara masa ne a hannu, kuma ga mai albasa hannu shi ne ido. Yaya kan danna wuyan albasa da babban yatsa ya ce wannan za ta kai Accra lafiya, wannan kuwa kafin Techiman ta fara kuka. Sai aka wayi gari yatsun sun ƙi lanƙwasuwa da safe, gaɓoɓin sun kumbura sun yi zafi, buta ma sai an riƙe masa. An yi na gida har aka gaji, kana aka kai shi babban asibiti a Tamale. Likita ya ce ciwon gaɓɓai ne irin wanda jiki ke yaƙar kansa, ya ɗora shi a kan wata ƙwaya da ake sha sau ɗaya a mako, ya ce a riƙa zuwa ana duba jini. Ƙwayar ta sassauta kumburin, gaskiya, amma tana tayar masa da zuciya, tana fasa masa baki, ranar shanta yini yake a kwance kamar wanda aka yi wa duka. Mutumin da bai taɓa fashin kasuwa ba ya tsani ƙwayar nan tsana mai tsanani, yana sha yana tsaki.

A shekarar da nake ba ku labari, mun taru a gidan Salaga bayan babbar salla don sadakar Inna kamar yadda muka saba. Rahinatu ta zo daga Kumasi, lokacin ta gama karatun haɗa magunguna ta shiga aikin bincike. Da hantsi mata muna tsakar gida muna ɓare albasar miya, maza suna zaure, kuma duk wanda ya san gidan ya san akwai 'yar taga a bangon zauren da ke kallon tsakar gida. Na lura Rahinatu tana tattara jan ɓawon da muke zubarwa tana zubawa a leda.

"Ke kuma fa? Duk karatun nan shara aka koya miki?" na ce mata.

"Goggo, wannan sharar ita ce aikina," ta ce tana dariya.

Matan suka ce sai ta yi bayani, ta kuwa gyara zama ta yi, don yarinya ce mai son a tambaye ta. Ta ce a cikin jinin kowa akwai fararen ƙwayoyi masu gadin jiki. In ƙaya ta soke ka ko cuta ta shigo, su ne ke rugawa wurin, su yi ta kiran 'yan'uwansu, jini ya taru, wurin ya yi ja ya kumbura ya yi zafi, kuma wannan kumburin alheri ne don da shi ake kashe cutar. Amma akwai mutanen da masu gadin nasu ke rikicewa, ba ɓarawo ba komai su far wa gaɓoɓin mai gidan, su yi ta kiran taro ba dare ba rana har su cinye guringuntsi. Ta ɗaga ɓawon ta ce abin da ya ba shi launin nan, da wanda ke cikin furen sobolo, wato zoɓo, da ganyen zogale da shayi, dangi ɗaya ne, ana ce musu filabonoyid. A ɗakin bincikensu sukan tsame shi, su ɗiga a kan waɗancan ƙwayoyin jinin a cikin ɗan faifan gilashi bayan an harzuƙa su, sai a ga sun rage kiran da suke yi, sun lafa.

Wata 'yar ƙanwar Inna, mace mai murya kamar ta mai shela, ta ce ai wannan ciwon Alhaji ke nan aka zayyana. Ta juya wajen tagar ta ɗaga murya.

"Alhaji Mamudu, kana jin 'yarka kuwa? Wallahi ka haifi likita!"

Muka ji motsin takalmi. Yaya, wanda ashe tun farko yana jingine da tagar yana saurare, ya tashi ya fice masallaci alhali azahar da sauranta, don an yabi 'yar fari a kunnensa. Matan suka yi dariyar kunyarsa, nima na yi. Rahinatu kuwa ta ci gaba da magana, kuma abin da ta faɗa bayan fitarsa shi ne rabin da ya fi muhimmanci. Ta ce kada kowa ya ɗauka an samu magani. Faifan gilashi daban, cikin mutum daban. In ka ci abin, hanji ba ya ɗaukar sai kaɗan, kaɗan ɗin ma hanta ta sauya shi ta fitar, abin da zai kai gaɓa bai taka kara ya karya ba. A ci albasa da ganye a abinci, suna da amfani, amma mai irin ciwon nan in ya bar maganin asibiti, gaɓoɓinsa za su ci gaba da cinyewa ko da yana jin sauƙi, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Duk mun ji wannan, mu da ba mu da ciwon.

Yana komawa Bawku ya sa aka riƙa share masa ɓawon da ke zuba a rumfarsa, wanda a da awaki ake bar wa. Memunatu ta wanke, ta tafasa, ta tace masa jan ruwa a kofi kowace safiya. Ƙwayar asibiti ya tura ta ƙarƙashin katifa. Makonnin farko kuwa sai ya ji garau, tashin zuciya ya tafi, baki ya warke, ƙarfin ƙwayar da ya rage a jikinsa yana riƙe da kumburin bai sani ba. Ya koma kasuwa yana ɗaga hannu yana murza yatsu a gaban abokan sana'a, yana cewa wata yarinya ce a Kumasi ta gano abin. Ba ya faɗin ko wace yarinya, su kuma duk sun sani, suna ce masa Allah ya yi wa yarinyar albarka, shi kuma ya kau da kai ya ce amin a ciki. A duk rayuwarsa wannan ne karo na farko da ya samu hanyar yin alfahari da ita ba tare da ya karya kunya ba. Har tsofaffin kasuwa masu ciwon gwiwa suka fara aiko yara neman ɓawo.

Memunatu ce ta kira ni a waya tana murna, da Hausarta ta Bawku da Inna ta mutu tana gyarawa ba ta gyaru ba.

"Hajiya, Alaji ya warke paa! Magani na yarinyan ki ya yi aiki. Na dokita, shi ba ya sha koraa, ko ɗaya."

Ni kuwa na ji ƙarshen bayanin a Salaga. Na kira Rahinatu. Ta ce, "Goggo, a gaya masa yau, ba gobe ba. A ce masa hannunsa zai lalace." To wa zai gaya masa? Ita ba ta taɓa buga wa ubanta waya ba, in ma ta buga miƙa wa wani zai yi. Ni na gaya wa Memunatu kalma da kalma. Memunatu, mace mai tsoron ɓacin ran miji, ga ta ita ma da kunyar 'yar fari, ta je ta ce masa mutanen Yendi suna gaisuwa, sun ce in da hali a riƙa haɗawa da na dokita. Ya ce ya ji. Na kira shi da kaina, ya bar ni na gama, ya ce ni da ban yi aji ɗaya ba yaushe na fi mai binciken sani. Na ce ai ita ce ta aiko ni, ya ce yarinya ce mai kawaici, ba ta son a ce ta fi likitocin Tamale, ya kuma sako zancen farashin doya. Na bi ta wajen Fuseini, ƙanen Rahinatu da ke taya shi a rumfa, Fuseini ya ce shi bai isa ya ce wa Baba ya yi kuskure ba. Na bi ta wajen limamin unguwarsu, liman ya je ya yi masa nasiha a kan haƙuri da jinya. Magana ta tashi daga Kumasi da kaifinta, kafin ta isa kunnen Yaya kowa ya goge mata baki don ladabi, har ta zama gaisuwa.

Haka damina ta shiga ta fita. Ciwon ya dawo a hankali, sannan ya dawo da gaske, shi kuma ya ce ruwan ne ke fito da cutar waje, ya ƙara yawan ɓawon. Da kaka na je Bawku na gan shi da idona. Yatsun sun fara karkata gefe guda, wuyan hannun ya yi suntum, carbi ma a kan cinya yake ajewa yana turawa da gefen hannu. Ya ga ina kallo ya ja hannun riga ya rufe. A motar dawowa, tun daga Nalerigu har Gushegu kuka nake, wata mata kusa da ni ta yi ta ba ni haƙuri da Dagbanci tana zaton mutuwa aka yi mini. Ban yi kukan hannun kaɗai ba. Na yi kukan cewa mutum ɗaya ce a duniya zai yarda da bakinta, kuma ita ce mutum ɗaya da al'adarmu ta hana shi saurara.

Ba a jima ba wan mijina ya rasu a Yendi, na san dole Yaya ya zo ta'aziyya. Na kira Rahinatu na ce ta zo, ban gaya mata dalili ba, shi ma ban gaya masa tana gari ba. Bayan azahar, da mutane suka ragu, na ce masa ya shigo ɗakina ya huta. Ya zauna a kan tabarma ya jingina da bango. Na fita na kamo hannun Rahinatu na shigo da ita, na mayar da ƙofa na tsaya a jikinta. Ita ta durƙusa nan take ta juya fuska wajen bango. Shi kuma ya yunƙura zai tashi, ya dafa ƙasa, hannuwan suka ƙi ɗaukarsa, ya koma ya zauna. Na ga wannan, ta ga wannan ta gefen ido, kuma ya san mun gani. Har gobe in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

"Adisa, mene ne haka?" ya ce.

"Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na aika an aika, maganar ba ta iso ba. Ga mai maganar nan."

Da ya buɗe baki, da ni ya yi magana, kamar ba ta ɗakin.

"Tambaye ta, ƙarya ta yi a Salaga?"

"Ban yi ƙarya ba, Baba," Rahinatu ta ce. "Ka tashi ne ban gama ba."

Ta faɗa masa sauran, fuskarta na bango, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Ta ce abin yana lafar da ƙwayoyin jini a gilashi, amma tafasasshen ɓawo ba zai kai gaɓarsa da ƙarfin da zai tsayar da komai ba. Ta ce sauƙin da ya ji da farko ragowar ƙwayar asibiti ce. Ta ce yatsun da suka karkace ba za su miƙe ba, amma in ya koma yanzu za a ceci gwiwoyi da ƙafafu, in kuwa ya ƙara wata damina a haka, sai an riƙa ɗaukarsa zuwa masallaci. Sai ga Yaya ya juyo ya dube ta, abin da ban taɓa gani ba tun tana cikin zane.

"To aikin me kike yi a can?"

"Aikin farko ne, Baba. Wataƙila jikokinka su ci amfaninsa. Wataƙila ma ba za a samu komai ba."

"Na gaya wa kasuwa duka," ya ce a hankali.

Ya miƙo mini gwiwar hannu na ɗaga shi, ya gyara hularsa da bayan hannu, ya tsaya a gabana.

"Kin tuɓe ni a gaban 'yar fari, Adisa. Buɗe ƙofa."

Wannan ce magana ta ƙarshe da ɗan'uwana ya yi mini baki da baki.

Daga Yendi bai koma Bawku ba, Tamale ya sa aka wuce da shi. Ku riƙe wannan, ku masu cewa na ƙarasa shi. Ya koma kan magani, likita ya gyara masa yadda zai rage tayar da zuciya, kumburin ya kwanta, ya ƙara shekaru masu yawa yana taka ƙafarsa zuwa masallaci, ya ga auren da yawa daga cikinku. Amma hannuwan sun tafi. Babban yatsan da ke sanin wuyan albasa ya sandare, rumfa ta koma hannun Fuseini, kuma kasuwa ba ta da tausayi. Waɗanda suka aiko yara neman ɓawo su ne suka fara cewa 'yar Alhaji ta gwada magani a jikin ubanta. Gida ya ɗauka, don gidan da ya yi rashi sai ya nemi wanda zai ɗora wa. Har wata surukarku ta ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, wai uba mai amana ya haifi mai yaudara. Kalma ɗaya daga bakin Yaya da ta kashe zancen, amma wanke ta a gaban mutane yabon 'yar fari ne, shi kuma bakinsa bai san hanyar ba. Ya yi shiru, ku kuka ɗauki shirun a matsayin hukunci.

Rahinatu ta bar binciken a shekarar. Na yi mata faɗa, na yi lallashi, ta ce duk lokacin da ta ɗiga abin a gilashi hannun Baba take gani. Ta kama aiki a wani kantin magani a Kumasi, inda har yau in tsoho ya zo saye sai ta sa shi ya maimaita mata yadda zai sha kafin ta bar shi ya fita. Bawku kuwa ta daina zuwa. Ni ma buhun kaka ya daina sauka a ƙofata. Sallah ta zo ta wuce, in na kira a ce yana barci, in mun haɗu a Salaga ya amsa gaisuwata da kai. Na yi kewar ɗan'uwana ƙwarai, mutumin da ya goya ni ya tsallaka da ni rafi muna yara, kuma na yi fushi da shi daidai yadda na yi kewarsa.

Da ciwon ajali ya kama shi, na ƙirji ne ba na gaɓa ba, ban jira gayyata ba na hau mota. Na kwana a ɗakin Memunatu, da safe na bi ta zuwa nasa na zauna a bakin ƙofa. Ya rame, ya ga shigowata ya mayar da ido kan bango. Memunatu ta ba shi magungunan asibiti da ruwa ya haɗiye. Sannan ta ɗauko wani tsohon kofin silba, na leƙa na ga jan ruwa yana tururi. Na dube ta da mamaki, ta matso ta raɗa mini cewa tun dawowarsu daga Tamale bai taɓa fashi ba. Ya sa an tambayi likita ko kofi ɗaya zai yi masa illa tare da ƙwayar, aka ce ba komai in bai wuce haka ba, shi ke nan kullum sai ta tafasa kafin yara su tashi, ya sha a ɗaka ba wanda ya sani. Ya karɓi kofin tsakanin wuyan hannayensa biyu, don yatsun ba sa riƙo, ya kurɓa a hankali. Da ya sauke, sai ya yi magana da Memunatu, kamar yadda ya yi da ni a kan 'yarsa a ɗakina na Yendi.

"Gaya wa baƙuwarki na san ba magani ba ne."

Memunatu ta buɗe baki za ta maimaita, ya ɗaga gwiwar hannu ya tsayar da ita. Ya ja numfashi.

"Na Rahinatu ne."

Tun da aka raɗa mata suna ban taɓa jin sa a bakinsa ba sai ranar. Memunatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni na fita waje na kira Kumasi na ce, "Ki taho yanzu, ubanki ya kira sunanki." Ta baro aiki a tsaye ta nufi tasha. Amma Kumasi zuwa Bawku ba nan kusa ba ne, kuma a lokacin ana rikici a Bawku, motoci ba sa shiga yadda suka ga dama, sai da ta kwana a hanya. Yaya ya cika washegari da hantsi. Ta iso maza suna dawowa daga maƙabarta.

Wasunku suna nan ranar, kun ga abin da ta yi, kuma a kansa kuka gina sauran zancen. Ta shiga ɗakinsa, ta tarar da kofin a kan taga da ɗan ragowar safiyar da bai iya shanyewa ba, ta ɗauka ta shanye a tsaye, ta sa kofin a jakarta. Aka ce dubi marar kunya, ta zo ɓoye shaida. Na yunƙura zan yi magana ta riƙe mini hannu ta ce, "Goggo, bari, ba ranar ba ce." Memunatu kuwa kunya ta hana ta faɗi har ta bi mijinta. Na bari, na yi ta bari, har yaran da ba su san fuskar Yaya ba suka fara zagin 'yarsa a wurin suna.

To ga shi na faɗa. Ba ta ba shi magani ba, ba ta ce ya bar na asibiti ba, ita ce ma ta ceci ƙafafunsa da bakinta, a ranar da ta rasa aikin da take so. Kofin yana wurinta, na gan shi a kan kabad ɗinta, ba ta shan komai a ciki. Ta fara furfura yanzu, kuma ba ta da kowa a Kumasi sai abokan aiki. Duk wanda hanya ta kai shi can a cikinku, ya nemi kantin ya shiga ya gaishe ta. Kada ya ce Anti, kada ya ce 'yar Yendi. Ya kira ta da sunanta yadda za ta ji, don ubanta sau ɗaya ya faɗe shi, kuma tana hanya.